Filas ɗin Kaka Fuatino

Gab da magariba Malaea ta tare ƙaninta Pesamino a bakin hanya, yana rungume da kwamfutar faston ƙauyensu da ta ƙi tashi, aka ba shi gyara.

"Kai ɗan birni, tsaya." Ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ɗan filas na kwamfuta, irin wanda ake adana bayanai a ciki. "Maganar Kaka ce a ciki. Ka kwafa mini kafin zaman dangi na gobe. Ita ke nan fa, babu wata."

"An gama, Yaya," ya ce, har da murmushi.

Murmushin mugunta ne. Ya san abin da ke ciki sarai. Kafin Kaka Fuatino ta rasu an naɗi muryarta tana zayyana iyakokin gonakin gidan. Filin bakin teku, wanda Pesamino ya ci burin gina masaukin baƙi a kai, ta ba Malaea da ta yi jinyarta. Shi kuwa ta ce shekara goma sha biyar yana ƙasar waje, ko dafaffen gwaza bai taɓa miƙa mata ba, don haka kada ya taka filin. A gaban kowa ta faɗa. Maganar nan ta tsaya masa a wuya, ya rantse sai ya rama ko da tana kabari.

To ga hanya ta samu. Kafin kwamfutar fasto ta tashi, sai an zuba babbar manhaja a filas, a sa na'urar ta farka da ita maimakon tata da ta lalace. Zubin kuwa share duk abin da ke cikin filas yake yi ƙarƙaf. Gobe sai ya ce ya rikita nasa da na Malaea ne. Wa zai kama shi?

Ya haye tsohuwar rumfar gidan, wadda kabarin Kaka ke gabanta, ya buɗe tasa kwamfutar a kan tabarma, ya soka filas ɗin Malaea. Aka buga tsohuwar tukunyar gas da ƙauyen ya mayar ƙararrawar lokacin addu'a. Daga nan ba mai yawo, kowa na zaune cikin iyalinsa. Waƙoƙin coci suka tashi gida gida. Shi ko a jikinsa.

Allon ya gargaɗe shi: za a share komai da ke cikin wannan filas. Ya danna. Ya sake tambayarsa ko ya tabbata. Ya sake dannawa.

"Sai ki yi magana mu ji, tsohuwa," ya ce ƙasa ƙasa, yana hararar kabarin.

Koren layin da ke nuna tafiyar zubin ya cika. Ya zare filas ɗin, ya soka a kwamfutar fasto, ya kunna.

Allon ya tsaya baƙi ƙirin.

A lokacin ne ya lura waƙoƙin sun ɗauke. Ko rurin teku babu. Sai ƙarar fankar na'urar, tana ja tana saki, kamar numfashin mai ciwon ƙirji.

Ƙamshin man kwakwa ya cika rumfar. Da warin taba.

Tabarma ta yi ƙara a bayansa. Wani ya zauna.

Bai waiga ba. A cikin baƙin allon ya ga fuskarsa, ya ga farar furfura daidai kafaɗarsa.

"Ka kore ni daga ɗakina," aka raɗa masa.

"Kaka... kuskure ne."

"Sau biyu aka tambaye ka." Yatsu masu sanyi suka dafa ƙeyarsa. "Akwatin faston nan sanyi gare shi. Gida mai ɗumi nake so."

Rubutu ya fito a allon. Za a share komai da ke cikin Pesamino.

Ba a tambaye shi ko ya yarda ba. Koren layi ya fara tafiya.

Ya ji abubuwa suna zubewa daga kansa. Unguwar da ya zauna a ƙasar waje. Ranar aurensa. Ya danna maɓallin kashewa, na'urar ta ƙi.

Layin ya kai rabi.

Ya cafki filas ɗin. Zafi kamar garwashi. Ya cije, ya fizge, ya wuntsila daga rumfar ya zuba da gudu yana ihu, har samarin da ke gadin lokacin addu'a suka danne shi a tsakiyar hanya.

Washegari dangi suka hallara. Pesamino ya miƙe da ƙonannen hannunsa a naɗe da tsumma, zai ce kuskure aka yi. Yana buɗe baki muryar Kaka Fuatino ta fito, da tarinta da komai. Ta bi iyakokin ɗaya bayan ɗaya, daga dutsen rafi har bakin teku, ta sake ba Malaea filin.

Ya rayu dai, yana ci yana sha. Amma masu sana'ar gyaran kwamfuta sun sani, zubin da aka katse a tsakiya ba ya barin abu yadda ya same shi. Ana watsewa 'yarsa ta rugo ta rungume ƙafarsa tana kiran Baba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya wajen Malaea.

"Yaya, wannan 'yar waye?"