Mai Harami a Dajin Murjani

Rana tsaka ce a saman jirginmu, amma a ƙasan Bahar Maliya, zurfin mita ɗari bakwai, dare ne da bai taɓa wayewa ba. Aikina ƙirga halittun da ke zaune cikin murjani. Mazen, haifaffen unguwar Mahjar ta Jidda, shi ke tuƙa na'ura mai kyamara da muka zura cikin ruwa da igiya.

Jatan lande ne suka fara ɓuya. Ƙaguwoyi suka dare biyu kamar masu ba babba hanya. Sai fitilar na'urar ta haska sawun ƙafa a laka, ba takalmi, ya nufi gabas.

A ƙarshen sawun wani tsoho ne tsaye cikin harami. Murjani ya tsiro masa a kafaɗa, irin wanda ke shekara ɗari bai kai taƙi ba.

Makirufon da muke naɗar kukan kifi da shi ya yi ƙara: "Salamu alaikum, bayin Allah."

Na kai hannu zan toshe bakin Mazen, amma ya riga ya amsa. A gidansu ba a barin sallama ta faɗi ƙasa.

"Madalla," in ji muryar, da irin Hausar kakata. "Daga tashar jiragen Sawakin nake, jirginmu ya kife. Ku rage mini hanya zuwa Jidda."

"Halas, ya Lubna, yalla!" Mazen ya ce mini da Larabci, wato ya isa, mu tafi, ya danna injin jawo na'urar.

Igiya ta yi ta naɗewa. Sai da ya rage mita arba'in na dubi ma'aunin nauyin abin da igiyar ke jawowa.

Kilo sittin ya ƙaru.