Gawar da Ta Fuskanci Gabas

Da hantsin wata Talata, cikin Afrilun 1998, aka kira Sufeto Liang zuwa gandun shaƙatawa na gwamnati da ke bayan dutsen Baiyun, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Shi ake tura wa duk abin da ya shafi baƙin Afirka, domin ya yi shekara biyar a Maraɗi yana tuƙa motar likitocin Sin, ya dawo da Hausa a bakinsa.

Gawar wani ɗan kasuwa Bahaushe ce, Alhaji Badamasi, a bakin tafki, ƙarƙashin wata gadar katako. Tufafinsa sharkaf suke, amma wani ya janyo shi daga ruwan, ya rufe masa ido, ya ɗaure masa haɓa da ƙyalle, ya kwantar da shi kan ɓarin dama. Fuskarsa tana kallon gabas.

Shekara biyu ke nan da hukumar gandun ta kasa ɗaukar nauyin wurin, ta ba kamfanin Alhaji hayar masaukin baƙi, bisa sharaɗin zai riƙa gyara hanyoyi da gadoji. Ya cika ɗakunan da 'yan kasuwa, ya sallami tsofaffin ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu, tsoho Chen, tuni aka sa masa ankwa, don an sha jin yana tsine wa mamacin. Liang ya san in rana ta faɗi bai samo gaskiya ba, tsohon ne zai ɗauki laifin. Ya kuma san Chen bai taɓa ganin yadda Musulmi ke kwantar da gawa ba.

Ya sa aka kira Ghali, manajan masaukin, wanda ya shekara tara a Guangzhou.

"Malam Ghali, yaushe aka gyara gadar nan?"

"Bara, ranka ya daɗe."

"Bara fenti aka shafa. Na danna katakon da yatsa ya burme. Wa ya taɓa faɗawa daga kanta?"

Ghali ya share gumi. "Illa, kukunmu, mutumin Tasawa, ruwan ya cinye shi. Alhaji ya ce a gaya wa hukuma wanka ya shiga, kada a ƙwace hayar."

"In za ku yi salla, ina kuke fuskanta?"

"Yamma mana. A nan Makka tana yamma da mu. Ko baƙo ranar da ya sauka yake ganewa, da zarar ya shiga sahu bayan Alhaji."

"Wa bai taɓa shiga sahu ba?"

Ghali ya ce, "Sai Tankari, na ɗaki na shida. Kwanansa uku. Wai zazzaɓi yake yi."

Liang ya tarar da Tankari zaune a bakin gado, dogo, idanunsa jajur, amma babu alamar ciwo a jikinsa.

"Sannu da jiki, Malam Tankari. Me ya kawo ka ƙasarmu?"

"Sayen tocila da batir. Ban san kowa ba a nan, ko ƙofa ban fita ba."

Darduma tana shimfiɗe a ƙasa, kanta wajen tagar da rana ke fitowa. Liang ya daɗe yana kallonta.

"Kwana uku kana salla ka ba Makka baya. Duk wanda ya bi Alhaji salla ko sau ɗaya ya san alƙiblar nan yamma take. Mutum ɗaya ne a gidan nan zai juya gawa gabas."

Tankari ya dubi dardumar, ya ce, "Astagfirullah." Sannan ya ɗago kai, muryarsa ba ta rawa.

"Ba zan bi wanda ya kashe mini ƙane salla ba. Illa uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Sau biyu yana rubuto mini cewa gadar ta ruɓe, Alhaji yana cewa ba kuɗi, alhali yana ƙara ɗakuna. Bayan asuba na same shi a kanta. Na gaya masa sunana da sunan ubana, na jira har ya gane, sannan na tura shi."

"To me ya sa ka fito da shi?"

"Ba don shi ba. Illa kwana biyu ya yi cikin ruwan nan, babu wanda ya rufe masa ido. Na rantse ba zan zama irin Alhaji ba."

Liang ya aika a cire wa Chen ankwa, aka kawo ta aka sa wa Tankari. Da suka fito da shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi tafkin.

"Sufeto, sallar kwana uku zan rama," in ji shi. "Ita kaɗai nake nadama."