Ɗoɗɗoyar Barandar Dona Ermelinda

Dona Ermelinda na shanya a barandarta, can unguwar Ribeira bakin kogin Douro, sai ga Amadeu mai yi wa baƙi jagora ya ɓullo da jar laimarsa, 'yan yawon buɗe ido na biye da shi kamar tumaki. Kullum haka yake. Ya sauko da su daga hasumiyar Clérigos, ya ratso wannan lungu da sai ɗan unguwa ya san shi, ya nufi gadar ƙarfe. Su kuwa sai sun tsaya sun ɗauki hoton tsohon gidan, har da kamfai ɗin da ke kan igiya. Matar nan kuma ba ta barin ta kwana.

"Kai mai garke, an ce maka nan gidan namun daji ne? Kaɗa su ku yi gaba, kafin in yi muku wanka da ruwan wanki!"

Abin takaicin, wannan Amadeu shi 'yarta Noémia ke so, so kuma ba na wasa ba. Uwar ta rantse ba za ta ba da 'yarta ga mai tallar unguwarsu ba. Ai irinsa ne, in ji ta, suka sa maƙwabta suka watse, gidajensu suka koma masaukin baƙi. Noémia ta sha kuka har ta gode Allah, uwar ko gezau.

Ana gobe bikin São João, gari ya ɗauki ƙamshin gasasshen kifi, Amadeu ya zo da ɗoɗɗoya a 'yar tukunyar ƙasa, kamar yadda kowane saurayi ke kai wa budurwarsa. A garin nan yaro ma ya san ba a kai wa wannan ganye hanci. Shafa shi ake yi da tafin hannu a shinshina hannun, in ba haka ba ya bushe. Dona Ermelinda ta fizge tukunyar tun a bakin ƙofa.

"In ta kai lokacin tsinkar inabi da ranta, turo manyanka. In ta bushe, kada in ƙara ganin ƙeyarka."

Tun daga ranar, kowace safiya sai ta tusa hancinta cikin ganyen, ta ja numfashi da gayya, tana kallon 'yarta ido cikin ido. Mugunta dai ƙiri-ƙiri! Noémia ta haɗiye baƙin cikinta, ta ci gaba da ba shukar ruwa. Da abin ya ishe ta, ta roƙi Amadeu ya sayo wata su musanya a ɓoye. Ya ƙi, ya ce ba zai shiga gidan mutane ta ƙofar ƙarya ba.

Abin da ya yi shi ne ya sauya hanya, ya daina bi da baƙi ta lungun tsohuwar. Ya riƙa zagayawa da baƙinsa ta dogayen matakalan babbar majami'a, suna haki suna mita, wasu har suka koma wa wasu masu jagora. Bai faɗa wa kowa ba. Dona Ermelinda ta yi ta jira da bokitinta da zaginta, lungu shiru. Da wata mai sayar da kifi ta ba ta labari, sai ta taɓe baki ta ce duk munafunci ne.

A zafin Agusta ɗoɗɗoyar ta yi yaushi, Noémia ta tafi aiki tana hawaye. Da ta dawo ta tarar an ja tukunyar inuwa, ƙasarta sharkaf.

"Mama, ke kika ba ta ruwa?"

"Bokiti ne ya zube. Ki daina damuna."

Ranar da aka fara tsinkar inabi Amadeu ya zo. Tsohuwar ta harare shi sama da ƙasa. Sannan ta miƙa hannu, ta shafi ganyen a hankali, ta kai tafin hannun ga hancinta.

"Wadda uban Noémia ya kawo mini ta fi taka girma," ta ce. "Shigo, miya na hucewa. Amma laimar nan ba za ta taka mini gida ba."

Noémia ta fashe da kukan murna. 'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: haƙuri ba zaman jira ba ne kawai. Wanda ya kare mutuncin uwa tun tana zaginsa, shi uwa ke danƙa wa 'yarta da hannunta.