Motar Da Ba A Jin Tafiyarta

"Wannan ce motar? Saboda wannan 'yar ƙwaryar za a kaɗa shanun Baba kasuwa?!"

Muryar Yaya Kalilu ta cika filin sayar da motocin Alhaji Badaru, nan bakin hanyar da ta fita daga Daura zuwa Kongolam, har mutanen da ke ciniki a can gefe suka waiwayo.

Zubaida ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja mayafinta, ta saci kallon mijinta Musaddiq, wanda ya harɗe hannuwa a baya ya zuba wa ƙasa ido.

"Yaya, don Allah ka sassauta murya..."

"Ba zan sassauta ba! Satar muryar na yi?"

Shanun da ake magana nata ne halak malak. Ranar sunanta mahaifinsu ya ba ta karsana, kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a gidansu, karsanar nan kuwa ta yi albarka ta hayayyafa. Da iyayen suka rasu, Kalilu ya haɗa ƙanwar da shanun ya riƙe a Mai'adua. Shi ya yi mata makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya, shi ya aurar da ita. Sai dai a gidansu mace ba ta shiga kara, kasuwar dabbobi, kuma ko jelar saniya ba ta fita daga garke sai Kalilu ya ce ya sallama.

Ya zagaya motar yana hura hanci. 'Yar ƙarama ce, ruwan toka, mai guntun baya. Ya shuri taya, ya durƙusa ya leƙa cikinta ta ƙasa, ya sa aka buɗe masa bonet ya tura kai, kai ka ce haƙoran bijimi yake dubawa. Mutumin da bai san komai a mota ba sai kujerar gaba!

"Ko ɗan tunkiya ba zai shiga bayanta ba," in ji shi. "To, a tashe ta mu ji."

Alhaji Badaru ya shiga ya danna wani maɓalli. Fitilun gaban sitiyari suka kawo. Shiru.

"Na ce ka tashe ta."

"Ai ta tashi, ranka ya daɗe. Ita ake ce wa haibirid, rabi batir rabi fetur. In ana tafiya a hankali batir ke jan ta, sai an taka injin yake kamawa. Man da wata za ta sha a kwana biyu, ita sai ta yi mako tana lasa."

Ya ja ta. Motar ta sulale kamar kyanwa, ba a jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ya zagayo da ɗan gudu, injin ya yi gurnani kaɗan, yana taka burki a gabansu ya sake ɗaukewa ɗif.

Kalilu ya tafa hannu.

"Kun gani! Ta mutu! A gabana, tun ba a biya ba ta mutu! Ni za a yi wa wayo? Ni da na tsufa a kara? Dabbar da ba ta numfashi ko kyauta ba na karɓa!"

Ya juya kan Musaddiq, idanunsa jawur.

"Kai kuma, ɗan boko, na gano ka. Albashin koyarwarka bai kai ka sayi mota ba, shi ne ka hure wa yarinya kunne ta sayar da gadon ubanta, kai kuma ka ɗare gaba kana ɗaga wa mutane hannu. Ko kunya!"

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya," Musaddiq ya faɗa a hankali.

"Kar ka ƙara ce mini Yaya! Ka faɗi dalili ɗaya, ɗaya tak, da zai sa matarka ta kasa hawa babur kamar sauran mata!"

Musaddiq ya ɗago ya dubi Zubaida. A idonsa roƙo ne zalla. Ta girgiza masa kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Ya mayar da kansa ƙasa, ya haɗiye maganar.

Dalilin kuwa yana nan ƙarƙashin mayafinta, bai ma fara motsi ba. Ciki na uku ke nan. Biyun farko duk sun zube, kuma a kan hanya ɗaya: hanyar ƙauyen da take aiki a bayan Mai'adua, wadda motar haya ba ta shiga, sai 'yan acaba, ga gargada kamar ana tankaɗe mutum. Likita ta ja mata kunne cewa wannan karon ita da babur sai kallo.

Sai dai na farkon da murna ta faɗa wa matan gidansu, ya zube. Na biyu ma aka ji, ya zube. Tsofaffi suka ce baki ne. Zubaida ta yi karatun jinya, ta san ba haka abin yake a littafi ba, amma uwar da ta yi ɓari biyu ba ta musu da tsofaffi. Shi ya sa ta sa Musaddiq ya rantse ba zai gaya wa kowa ba har sai cikin ya fito da kansa.

Suna isa gida ya jingine babur ɗinsa da ƙarfi har ya kusa faɗuwa.

"Ki sake ni daga rantsuwar nan, Zubaida!"

"Ba zan sake ka ba."

"Kin ji abin da ya kira ni a bainar jama'a? Maciyin dukiyar mace! Ni!"

"Na ji... ka yi haƙuri, masoyina. Don Allah."

"Ba zagin ne ya dame ni ba, rabin raina. Ya zage ni har gobe. Kalma ɗaya ce fa tsakaninmu da motar nan. Ki bar ni in faɗa masa."

"Yaya ne fa! Ubana ne! Da wane bakin za a je a ce masa ina da ciki? Kuma yana ji matansa sun ji, Mai'adua ta ji. So kake wannan ma ya tafi?"

"Babur ne zai tafi da shi, ba baki ba! Ke da kike koya wa mata wannan!"

"Wallahi in ka faɗa ban yafe ba!"

Ta faɗa ɗaki ta turo ƙofa, ta kife a gado tana kuka. Tana jin sa a tsakar gida yana kai da kawo. Can ya zo bakin ƙofar ya tsaya.

"To ki ajiye aikin."

"Ni kaɗai ce a asibitin nan. Na nemi a kawo wata, an ce in jira. Matan ƙauyen su haihu a hannun wa?"

Tausayinsa ya kama ta har cikin ƙashi, amma tsoro ya fi tausayin ƙarfi.

Haka aka ci gaba. Ranar da ba shi da darasin safe ya kai ta da kansa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Sauran ranaku sai ɗan acaba. Ta sake kiran Yaya Kalilu a waya ko zai sauko.

"Ke, saurara," in ji shi. "In kika ƙara yi mini maganar gawar motar nan, ki ɗauka ba ki da wa a duniya. Shi kuma ki gaya masa kar in ga ƙafarsa a ƙofar gidana."

Ya kashe wayar.

Ranar kasuwar Mai'adua abin ya faru. Ruwan sama ya cinye gefen hanya, ɗan acaban ya kauce wa wata motar shanu, ya faɗa rami da duk nauyinsu. Ba su ma faɗi ba. Wani abu ne kawai ya tsinke mata a mara, abin da ta riga ta sani sarai, har sau biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... juya. Don Allah juya, kai ni Daura."

Ta kira Musaddiq ta sake kira, bai ɗauka ba.

Sai wajen la'asar ya faɗo ɗakin asibitin a firgice, rigarsa duk ƙurar kara. Lokacin an riga an gama komai. A bayansa Yaya Kalilu ne, hula a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa.

Kallo ɗaya ta yi musu ta gane.

"Ka faɗa masa..." Ta dubi Musaddiq. "Ka karya rantsuwa! Ka ga abin da ka jawo mini? Ka kashe mini ɗa, Musaddiq!"

Ya durƙusa a gefen gadon, hawaye na bin fuskarsa.

"Na faɗa, kuma zan yi kaffara. Amma sai bayan azahar na same shi a cikin kara, hayaniya ta hana ni jin waya. Ke kuwa an ce tun da hantsi aka kawo ki. Lokacin da na buɗe baki, ɗan ya riga ya tafi, Zubaida."

Maganar ta shige ta a hankali kamar ruwan sanyi. Ba wanda ya ji, ba wanda ya sani, kuma ga shi ya zube. Ta rufe fuska da tafukanta ta fashe da wani irin kuka mai cin rai. Ya kama hannunta, ta fizge, ya sake kamawa, ta bar masa.

Daga bakin ƙofa Kalilu ya yi magana, da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

"Auta... me ya hana ki gaya mini?"

Rabon da ya kira ta da sunan nan tun tana firamare.

"Yaya, kai ka raine ni. Ka taɓa barin in faɗi irin wannan a gabanka?" Ta share ido. "Ka tambayi dalili a gaban mutane. Da ka ja ni gefe, ko ka turo wata ta tambaye ni... amma zagi ka fi sauri."

Kalilu ya juya ya tafi.

Washegari da aka sallame ta, Musaddiq ya riƙo ta suka fito a hankali. Tana ɗaga kai ta gan ta a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, 'yar ƙarama, ruwan toka, mai guntun baya. Yaya Kalilu na tsaye a gefenta riƙe da makulli, kamar wanda aka ba ajiyar abin da yake tsoro.

"Shanunki suna nan, ko ɗaya ban taɓa ba," ya faɗa yana kallon taya. "Bijimaina na kaɗa. Alhaji Badaru ne ya kawo ta da kansa."

Zubaida ta daɗe tana kallon motar.

"Ta iso, Yaya. Wanda aka neme ta dominsa ne bai jira ba."

Kalilu ya runtse ido kamar an mare shi. Ya matsa gaban Musaddiq, ya miƙa masa makullin da hannu biyu.

"Malam... karɓi. Na ci mutuncinka a gaban jama'a, kai kuma kana rufa wa ƙanwata asiri. Ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Shi da kansa ya buɗe mata ƙofar baya, ya cire rawaninsa ya naɗe ya tokare mata ƙugu, sannan ya zagaya ya zauna a gaba.

"A hankali, Malam. Don Allah a hankali."

Musaddiq ya danna maɓallin. Motar ta sulale ta fita daga asibitin, ta hau kwalta, ba gurnani ba girgiza. Zubaida ta jingina kai da gilashi. Wannan ce tafiyar da ta yi ta mafarki, mai laushi, wadda ko ruwa a kofi ba zai zube ba, ga ta kuma a ciki hannu a kan marar da ba kowa.

Sai ta ji wani sauti daga kujerar gaba.

Da farko ta zaci wani abu ne a motar. Ashe Yaya Kalilu ne. Ya juya fuska waje, ya danne baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Mutumin da ko ranar da aka binne Baba ba wanda ya ga hawayensa! Da a babur ne, ko a irin manyan motocin da yake so, da ƙarar inji ta rufa masa asiri. Wannan kuwa ba ta ɓoye komai, har jan numfashinsa ana ji.

Ya yi ƙoƙarin gyara murya ya kasa.

"Malam... babu yadda za a yi ta ɗan yi ƙara?"

Akwai. Ya ɗan taka kawai injin zai kama. Musaddiq ya ɗaga ido ya dube ta ta madubi, yana jiran abin da za ta ce.

Zubaida ta miƙa hannu ta kama gefen babbar rigar yayanta, irin kamun da take yi masa tana ƙarama in za su tsallaka titi.

"Bar ta haka, Yaya," ta ce, nata hawayen na zuba. "Shirun da muka yi ya isa. Yau dai a ji kowa."

Musaddiq bai taka ba. A hankali suka bi ta cikin gari har ƙofar gida, su uku, kowa na jin kukan ɗan'uwansa.