Kiɗan da Aka Raɗa wa Anacleto

Rana ta kusa faɗuwa a unguwar Coyoacán, Evaristo yana gaban piyano yana gyara takardunsa. Mako mai zuwa makaɗa sittin za su ɗauki kiɗan wani fim na ban dariya, labarin matar da ke kashe mazajenta ɗaya bayan ɗaya da miyar barkono. Duk sanda miji ya kife a kan faranti, sai goge ya saki wani kiɗan rawa mai daɗi. A nan dariyar take.

Kiɗan nan ba nasa ba ne. Na wansa ne, marigayi Anacleto, wanda tun suna yara in aka yabe shi sai Evaristo ya ji kamar ya mutu don hassada. Da kiɗan nan ma Evaristo ya nemi auren matarsa Herminia, ya ce mata shi ya tsara dominta.

Yana taɓa farkon kiɗan, dutse ya faɗo a rufi. Sai wani. Gidan ya yi tsit, kare ya shige ƙarƙashin tebur. Daga ɗakin 'yarsa Itzel aka ci gaba da kiɗan da fito, daidai inda ya tsaya. Itzel kuwa ba ta iya fito ba.

Kwana uku ke nan, kullum da almuru. Yarinya ta daina cin abinci. Herminia ta ɗauko wata tsohuwa mai magani, Doña Eufrasia, wadda ta turara ɗakin, ta shafe jikin Itzel da ɗanyen ƙwai. Da ta fasa shi, baƙi ƙirin.

"Kai wane ne?" in ji tsohuwar. "Me yarinya ta yi maka?"

Muryar wani tsoho ta fito daga bakin Itzel. "Ba ruwan yarinya. Ku tambayi ɓarawon can. Ni na raɗa wa Anacleto kiɗan nan yana kuka saboda wata mace. Shi ne za a sa wa gawa, mutane su yi ta ƙyaƙyatawa?"

"Zan sa sunansa a fim," in ji Evaristo.

"Riƙe fim ɗinka. Faɗa wa matarka wanda ya tsara mata, in tafi."

Herminia ta juyo. "Evaristo, me yake nufi?"

Ya so ya yi ƙarya, ya ga leɓen 'yarsa ya tsage.

"Anacleto ne ya tsara miki. A aljihunsa na ɗauke takardar."

Itzel ta yi atishawa sau uku, ta ce tana jin yunwa.

Herminia ba ta yi faɗa ba. Ta dai zaro hoton Anacleto daga akwati, ta goge, ta ajiye a kan piyano. Da yamma tana girki, Evaristo ya jiyo ta tana rera kiɗan a hankali. Shekara ashirin da biyu tana rera shi a gidan nan, bai taɓa jin ta rera shi haka ba.