Ranar da Hannun Tsoho Ya Karye

Akwai wani yaro ɗan shekara tara a garin Duluth, can ƙasar waje inda ƙanƙara ke zuba lokacin sanyi. Ba abin da yake so a duniya kamar mutum-mutumin wasa masu rikiɗa. Irin waɗanda za ka lanƙwasa nan, ka juya can, sai ka ga mutum ya zama mota ko jirgi.

Yana da guda goma sha ɗaya a kan kanta a ɗakinsa. Ga shi da saurin hannu. Kafin ka cire takalmi ɗaya, ya mayar da jirgi mutum. Ko a motar makaranta an san shi da wannan. Shi kuwa yana son a san shi, ba ya ɓoyewa.

A wurin babansa ya gaji abin. Baba yana da kabad na gilashi a ɗakin ƙasa, kusa da injin wanki. A ciki akwai mutum-mutumin da ya tara tun yana yaro. Babbansu shi ne wanda yaran gidan suke kira Tsoho. Shekararsa arba'in. Idan ya rikiɗa, motar share ƙanƙara daga kan titi yake zama. Kafaɗunsa da hannuwansa launin zinariya ne, suna ta ƙyalli.

Dokar Tsoho ɗaya ce: a kalla, kada a taɓa. Baba ya sha gaya musu dalili. Irin wannan roba mai launin zinariya, idan ta tsufa, gautsi take yi kamar biskit.

Yaron yana da ƙanwa mai suna Nola, 'yar shekara bakwai. Nola ba ta sauri a komai. Ko fanke aka ba ta, sai kowa ya tashi daga tebur tana nan tana yanka shi ƙanana-ƙanana. Mutum-mutuminta biyu ne kacal.

Ran Lahadi da rana, Baba ya buɗe kabad zai goge ƙura. Nola ta tsaya tana kallo, hannuwanta a baya. Baba ya dube ta, ya ce ta zauna. Sai ya ɗora mata Tsoho a cinya.

Yaron yana zaune a kan matakala, yana kallonsu.

Baba yana faɗa, Nola tana yi. Ta juya ƙafa a hankali. Ta tsaya, ta duba, sannan ta naɗe ɗaya ƙafar. Sai da ta yi kusan rabin awa. A ƙarshe sai ga motar share ƙanƙara a gabanta. Ta kuma mayar da shi mutum, bai ko yi ƙara ba.

"Ka ga hannu," in ji Baba. "Ko ni ban kai ki natsuwa ba."

Ran Juma'a mai zuwa ne za a zo kan Nola a ajinsu, ta kawo wani abu daga gida ta nuna. Baba ya ce ta kai Tsoho. Ya ce shi da kansa zai ɗauko mata shi a kwali.

Yaron ya sauko daga kan matakala.

"Baba, ni fa? Shekara biyu ina roƙonka."

"Lokacinka na zuwa, babban mutum. Kai hannunka yana gaba, hankalinka yana baya tukuna."

Yaron ya juya ya hau sama. Amma kishi ya shige shi, ya samu wurin zama. Da aka zo cin abinci, ya ture farantin taliyarsa ya ce ba gishiri. Da Nola ta nemi ya miƙo mata madara, ya ce ta jira rabin awa tunda ita ba ta gaggawa. Ya sa mata suna Kunkuru. Mama ta harare shi, ya sunkuyar da kai.

Abin ya yi ta cin sa. Shi da yake da goma sha ɗaya, a ce mai biyu ta riga shi taɓa Tsoho? A ce 'yan ajinsu Nola su riƙa ba da labarinta a motar makaranta, shi yana zaune?

Ran Talata da suka taso daga makaranta, Baba bai dawo daga aiki ba. Mama tana waje tana kwashe ƙanƙara daga bakin gareji. Nola tana zane a kicin. Yaron ya sulale zuwa ɗakin ƙasa.

Ba karya Tsoho ya je yi ba, a faɗi gaskiya. So yake ya yi a minti ɗaya abin da Nola ta yi a rabin awa. Har agogon hannunsa ya kunna don ya auna lokaci.

Ƙafa ta naɗu. Ƙirji ya buɗe. Da ya zo kafaɗar dama, sai ta cije. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasanta da ake fara ɗagawa. Ran Lahadi Baba ya nuna wa Nola, amma a lokacin yaron yana can yana kumbure-kumbure, bai gani ba. Agogo yana tafiya. Sai ya sa ƙarfi.

Ƙas. Hannun Tsoho ya rabu da jikinsa. Ɓurɓushin roba ya zubo masa a wando.

Yaron ya karkaɗe wandonsa. Ya mayar da Tsoho mutum, ya tsayar da shi a kabad. Ya jingina hannun a jikin kafaɗar, yadda daga nesa ba za a gane ba. Ya rufe gilashi ya hau sama.

Washegari da yamma, Baba ya sauka zai sa Tsoho a kwali. Yana ɗaga shi, hannun ya faɗo. Baba ya daɗe a tsaye yana kallon abin da ya riƙe tun yana ɗan firamare. Sannan ya kira yaran biyu.

Ya tambayi Nola ko ta sake taɓa shi. Ta ce ba ta taɓa ba tun ran Lahadi. Baba ya ce to ke nan tun ranar ya tsage, sai yanzu ya ƙarasa.

"Ba laifinki ba ne," ya ce da ita. "Ni ne na yi garaje. Hannunki bai kai ba tukuna."

"Amma na yi a hankali, Baba," in ji Nola. Hawaye ya cika mata ido.

To, ga abin da yaron yake so ya samu. An daina yabon hannun Nola. Tsoho ba zai je ajinsu ba. Sai dai ko kaɗan bai ji daɗin ba.

Ya koma ɗakinsa ya zauna a bakin gado. Can sai ga Nola ta turo ƙofa, ɗauke da mutum-mutuminta biyu. Ta ajiye su a kan kantarsa, kusa da nasa.

"Yaya, ka riƙe su," ta ce. "Ni hannuna ɓarna yake yi."

Yaron ya dubi hannuwanta. Ta cusa su cikin aljihun rigar sanyinta, kamar wani abin kunya. Ya kasa daurewa. Ya kama ta suka sauka wurin Baba.

"Baba, ba ita ba ce. Ni ne. Jiya na ɗauke shi, na sa ƙarfi." Yaron ya sunkuyar da kai. "Haushi na ji da ka ce ta fi ni."

Baba ya zauna a kan kwandon wanki. Ya ce shi bai taɓa cewa Nola ta fi yaron ba. Cewa ya yi tana da natsuwa, kuma yabon wani ba zagin wani ba ne. Ya ce karyewar hannun ta yi masa ciwo, amma shirun da yaron ya yi ƙanwarsa tana kuka ya fi masa ciwo.

Yaron ya ba Nola haƙuri. Ya ba Baba haƙuri. Baba ya ce za a kwashe mutum-mutumin yaron duka a sa a kwali har wata ɗaya. Yaron bai yi musu ba, shi ya ɗauko kwalin ma.

Ran Alhamis suka je gidan Mista Delgado, abokin Baba mai gyaran tsofaffin kayan wasa. Baba ya ce yaron ne zai yi bayani da bakinsa, ya kuwa yi. Mista Delgado ya tona cikin akwatunansa, ya samo hannu daidai da na Tsoho. Sai dai wannan toka-toka ne, ba ya ƙyalli. Ya ɗaura shi haka nan.

Ran Juma'a, yaron ya nemi izinin malamarsa, ya bi Baba zuwa ajinsu Nola. Nola ta tsaya a gaban aji, amma ta ƙi fito da hannunta daga aljihu. Yaron ya matso kusa, ya raɗa mata cewa duk gidansu ba wanda ya kai ta iyawa. Sai ta fito da hannun. Ta yi abinta a hankali, aji ya yi tsit, har Tsoho ya zama mota. Yara suka yi ta tafi.

Wata yarinya ta ɗaga hannu, ta tambayi me ya sa hannu ɗaya zinariya, ɗaya toka.

Nola ta dubi yayanta. Ba ta so ta tona shi. Sai shi ya miƙe.

"Ni na karya na farkon," ya ce. "Kishin ƙanwata nake yi."

Malama Haugen, malamar su Nola, ta ce ya yi ƙoƙari da ya faɗi gaskiya. Ta juya ga aji ta ce, "Ku ji, yara. Idan ɗan'uwanka ya iya abu, ba rage ka aka yi ba. Kishi ba ya ƙara maka komai, ɓarna kawai yake sa ka yi. Ka taya shi murna, ka kuma koya a wurinsa."

Da aka tashi, yaron ya kama wa Nola wuri kusa da shi a motar makaranta. Har suka isa gida, shi ne yake ba yara labarin yadda ƙanwarsa ta burge ajinsu.