Zanen Zauren Babanta

Ranar da Zubaidatu ta fara ganin Dalhatu, allura ce a bakinta, shi ya sa ba ta amsa sallamarsa ba. Ya jingine kekensa a ƙofar shagon Madam Modupe da ke unguwar PZ, ya shigo da ƙaton littafin zane a hammata. A shekarar 1976 duk macen da ta isa a Sabon Gari a nan take ɗinki, Zubaidatu kuwa ita ce hannun daman Madam.

"Ɗalibin zane ne daga Samaru," in ji Madam. "Shi ya zana mana kayan sanyin bana, waɗanda za mu nuna wa jama'a a Disamba."

Ya buɗe littafin. Riguna ne masu dogon hannu na saƙi mai kauri, baƙi da ruwan ƙasa, kowacce an zagaye wuyanta da wani zane mai shiga cikin kansa yana fita. Kyan abin ya sa Zubaidatu ta ƙura masa ido. Can sai ta gane zanen.

"Ina ka samo wannan?"

"A bangon wani zaure a Jushi. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin na maginin nan ba."

"Ka yi sallama da mai zauren?"

Ya sosa ƙeya. "Bango ne fa, ranki ya daɗe."

"Bangon babana ne, Malam Fensir."

Sunan ya bi shi ke nan. Shi kuma ya raɗa mata Mai Allura. Kafin wata ya zagayo, wasiƙu sun fara zuwa a naɗe cikin ƙyallayen gwaji.

"Mai Allurata, yau a aji an ce mu zana fitila, na duba takardata sai na ga idonki. Na ci sifili, ban damu ba."

Ta karanta sau bakwai kafin ta amsa: "Ka dage da karatu. Ba na auren mai sifili."

Amma da kawun Dalhatu ya je neman izinin auren Zubaidatu, babanta Malam Bappa magini bai ko bari ya gyara zama ba. Ya riga ya ga rigar da 'yarsa ta kawo gida tana ƙarasawa.

"Shekarar da na auro uwarki na yi zanen nan," ya ce mata daga baya. "Da yatsa ɗaya na ja shi a ɗanyen yaɓe, ban ɗaga hannu ba sai da ya koma inda ya faro. Duba nasa. Sau uku ya yanke. Bai tambaya ba, bai kuma iya ba. Mai irin wannan gaggawa zan ba ɗiyata?"

Zubaidatu ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Da ta share ido, ta rubuta layi biyu: "Kada ka sake turo kawu. Ka zo da kanka, da tsohon wando."

Ya zo. Ya durƙusa ya nemi gafara, ya ce a koya masa. Malam Bappa ya nuna masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya ce, "Bismillah, ɗan boko." Sati uku Dalhatu yana taka ƙasa yana jan yatsa a yaɓe, tsohon na shafewa yana cewa, "Sake." Ita kuma Zubaidatu ta zauna ta warware aikin wuyan riguna goma sha biyu, Madam na riƙe da kai.

"Zubaidatu, za ki kashe ni! Saura kwana goma!"

"Mama, ki yi haƙuri. In ba a gyara ba, kayan ma ba su yi ba, ni ma ban yi ba."

Ranar nunin, da la'asar, babban ɗakin taro a Samaru ya cika maƙil. 'Yan mata suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya, rigunan na sheƙi, zanen na kwance a wuyansu kamar a nan aka halicce shi. Tafi ya ƙi ƙarewa. Dalhatu ya miƙe ya ce, "Wannan zane ba nawa ba ne. Na Malam Bappa magini ne na Jushi, ni ɗalibinsa ne."

Zubaidatu na leƙe ta bayan labule, sai ta hango babanta yana ratso mutane. Ya ce a miƙo masa riga ɗaya. Ya ɗora yatsa a kan zaren, ya bi shi a hankali. Yatsan ya shiga, ya fita, ya zagaya, ya dawo daidai inda ya faro.

Tsohon ya mayar da rigar. Sannan ya dubi Dalhatu.

"Kawun nan naka yana nan? Ka ce ya dawo. Wannan karon zai sha ruwa."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. A bangon ɗakin amarya, surukai biyu suka ja zanen tare, yatsa bisa yatsa. Malam Bappa ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Allah ya sa zamanku ya bi layin nan, duk inda ya zagaya ya dawo gida."

Zubaidatu ta saci kallon Malam Fensir ta ƙasan mayafi, ta ce amin.